Gurbin jami'a a Najeriya: ana tambayar jiharka, ba a tambayar halin gidanku

Kusan matasa miliyan biyu ke zama jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB duk shekara a Najeriya, kuma a mafi yawan shekaru waɗanda ake ɗauka, jami'a da kwaleji duka, ba sa kai rabinsu. Idan abu ya yi kaɗan masu nema suka yi yawa, ƙa'idar rabo ita ce komai. Ƙa'idar da jami'o'in tarayya ke bi sananniya ce ga duk wanda ya taɓa neman gurbi: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa maki ne ko daga ina suka fito, kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ce an bar su a baya wajen ilimin boko. An daɗe ana cacar baki a kan wannan rabo, galibi tsakanin Kudu da Arewa, har gardamar ta rufe wata tambaya da ta fi damuna: a cikin kason nan uku, wanne ne na ɗan talaka? Duk wanda ya duba da kyau zai ga babu ko ɗaya. Tsarin yana son sanin jihar da uban yaro ya fito, amma bai taɓa tambayar wace makaranta yaron ya yi ba, ko da me aka biya masa kuɗin jarrabawa.

Ya kamata a yi wa tsarin adalci tukuna. Kafin a kafa JAMB a 1978, kowace jami'a ita ke shirya jarrabawarta ta ɗauki ɗalibanta. Yaro ɗaya mai hali zai iya samun gurbi a jami'a biyu ko uku, ya riƙe su duka har lokaci ya ƙure, wani kuma bai ma ji labarin an buɗe neman shiga ba. Tazarar da ke tsakanin yankuna ita ma gaskiya ce. Makarantun mishan sun yi shekaru masu yawa a Kudu kafin boko ya kankama a Arewa, Ibadan ta sami kwalejin jami'a tun 1948, Arewa kuwa sai 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Da an ce maki kaɗai za a duba, da wasu jihohi sun yi shekaru ba su fitar da likita ko injiniya ba. Kason jihohin da ke baya ya yi aiki, kuma da yawa daga cikin malaman jami'a da likitocin da Arewa ke taƙama da su yau ta wannan ƙofa suka shiga. Bai kamata kuma a manta cewa jerin jihohin ba na Arewa ba ne zalla, akwai Ebonyi da Bayelsa da Kuros Riba a ciki.

Matsalar tana wajen yadda ake raba kason a cikin jihar kanta. Idan jami'a ta ware wa Zamfara ko Yobe ko Jigawa gurbi kaɗan a fannin likitanci, 'yan jihar ne za su yi takara a junansu, mai maki mafi yawa ya ɗauka. To su waye 'yan jihar? Duk wanda ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda aka fi sani da indijin. Yaron da aka haifa a Abuja, ya yi firamare da sakandare a makarantar kuɗi, yana da malamin lesin a gida da kwamfuta a ɗakinsa, wanda bai san ƙauyen kakansa ba sai in an je yawon Sallah, shi ma ɗan jihar ne a takarda. Da shi za a gwada yaron da ya yi sakandaren jeka-ka-dawo a ƙauyen, inda malami ɗaya ke koyar da Fiziks da Kemistiri da Lissafi, ɗakin gwaje-gwaje kuwa sunansa kawai aka sani. Kowa ya san wanda zai ci. Kason da aka ƙirƙira da sunan waɗanda aka bari a baya, waɗanda suka fi kowa gaba a jihar ne suka fi cin moriyarsa, sunan talaka kawai aka ara aka karɓo shi.

Abin bai tsaya a Arewa ba. 'Yar mai sayar da barkono a Ajegunle ko ɗan mai tura baro a kasuwar Onica ba su da wani kaso, domin jihohinsu ba sa cikin jerin, alhali makarantun da suka yi ba su fi ta ƙauyen Zamfara da wani abin kirki ba. Haushin da ake ji a Kudu game da kason nan yana da tushe, sai dai an karkata shi zuwa ƙabila, ba a kai shi inda ya dace ba. Akwai kuma waɗanda takardar indijin kanta ke ba su wahala: Bahaushen da aka haifi kakansa a Sabo ta Ibadan ko a Jos, wanda garin haihuwarsa ke ce masa baƙo, garin asalinsa kuma ba wanda ya san shi. Mai hali zai hau mota ya je ya nemo dangi ya karɓo takardar. Marar hali sai ya haƙura.

Kason makwabta kuwa, wanda ake yawan kushewa da cewa yana hana cuɗanyar ƙasa, a ganina ya fi sauran amfani ga talaka, ko da ba don shi aka yi ba. Yaron da zai iya kwana a gidansu ya hau mota zuwa aji ya tsira daga kuɗin ɗaki da na abinci, waɗanda sau da yawa sun fi kuɗin makarantar nauyi. Ga 'ya mace abin ya ma fi haka, domin iyaye da yawa za su yarda ta yi jami'ar garinsu amma ba za su tura ta wata jiha ba. Shi ya sa jami'o'in tarayya da aka kafa a 2011 da 2013 a wurare irin su Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa suka buɗe wa gidaje da yawa ƙofar da ba su taɓa tsammani ba, duk da ƙorafin rashin kayan aiki da ake yi a kansu.

Amma tankaɗe da rairayar ana fara su tun kafin a zo maganar kaso. Mai neman jami'a sai ya kawo kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, har da Turanci, da Lissafi ga mafi yawan fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Kowane zama kuɗi ne, dubbai masu yawa. Gidan da ke da hali yakan yi wa yaro rajistar duka biyun don in wannan ta ƙi waccan ta yi. A Kano da wasu jihohi, gwamnati na biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin, amma sai wanda ya ci jarrabawar share fage da ake kira kwalifayin, kuma an sha riƙe sakamakon ɗaliban wasu jihohi saboda bashin da gwamnatocinsu suka ƙi biya. Yaron bai ci bashin kowa ba, amma shi zai rasa shekara.

Sai rajistar JAMB. Tun 2021 ba a yin ta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Yaro zai tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019 daga layin da zai ci gaba da riƙewa har ƙarshe, a aiko masa da lambar sirri, ya je ya biya, sannan ya je cibiyar da aka amince da ita a ɗauki hoton yatsunsa. A birni wannan aikin yini guda ne. A ƙauye kuwa, wayar ta yayansa ce, sunan da ke NIN ya saɓa da na takardar makaranta da harafi ɗaya, ranar haihuwa kuma wani ma'aikaci ne ya ƙiyasta ta, gyaran kowanne sai an je hedikwatar jiha. Kuɗin fom ɗin kansa an rage shi daga naira 5,000 zuwa 3,500 a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, wanda ya karɓi hukumar a 2016, kuma wannan abin yabo ne. Amma in an haɗa da kuɗin cibiya da littafin karantawa da sauran tarkace, a 2025 ya haura 7,000, ban da kuɗin mota. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kuma akasarin iyaye ba ma su da albashin, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tun 2015 kuma jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yi. Tambaya 180 cikin awa biyu, darasi huɗu, maki 400. Na yarda kwamfuta ta rage satar amsa, kuma satar amsa mai kuɗi ta fi yi wa amfani, domin shi ke iya sayen ta. Hukumar ta ma sauƙaƙa abin yadda da maɓallai takwas za a iya gama jarrabawar ba tare da an taɓa linzami ba. Duk da haka, ka tsaya a ƙofar cibiya da sassafe ka ga bambanci. Wasu an sauke su a mota da ruwan gora a hannu, sun riga sun yi gwaji sau ba adadi a waya da kwamfutar gida. Wasu kuwa tun jiya suka iso suka kwana a masallaci ko tasha, kuma yau ce ranar farko da za su zauna gaban allon. Irin wannan yaro yakan ɓata minti goma na farko yana tsoron kada ya danna abin da zai goge komai, yana ɗaga hannu yana cewa, "Malam, don Allah ina zan taɓa in koma baya?" Agogo kuwa yana can saman allo yana tafiya. Makin da zai fito ba ilimin Kemistiri kaɗai ya auna ba.

A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.95 da aka fitar da sakamakonsu da farko, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa dubu goma sha biyu ne da 'yan kai. A shekarar ne kuma hukumar ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi kusan mutum dubu 380 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sa su sake zama cikin 'yan kwanaki. Amsa laifin dattaku ne, amma sake zama yana nufin sake biyan kuɗin mota, kuma ba kowane gida ke da shi a ajiye ba.

Mutane kan ji an sanar da cewa makin shiga jami'a 140 ne ko 150, sai su ɗauka duk wanda ya haye ya samu. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Ainihin makin yana hannun kowace jami'a da kowane sashe, kuma a likitanci, lauya, harhaɗa magunguna, jinya da injiniyanci ya yi nisa da nan ƙwarai. A nan ne rashin adalcin ya fi ɓuya, domin in aka ƙirga ɗalibai za a ga 'ya'yan talakawa cike da jami'o'in gwamnati, sai a ce ai ba matsala. A duba dai wane kwas suke yi. Yaron da ya nemi likitanci aka ba shi wani fanni da bai taɓa jin sunansa ba zai karɓa, don ba shi da halin jira. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki. Ɗan mai hali in bai sami abin da yake so ba zai zauna gida, a sa shi lesin, ya sake zama har sau uku. Ɗan talaka harbi ɗaya gare shi, in ya kuskure sai kasuwa ko acaɓa, in mace ce sai a fara maganar aure.

Bayan JAMB akwai jarrabawar tantancewa da jami'o'i suka fara yi a 2005. An hana ta a 2016, aka dawo da ita a 2017 da sharaɗin kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Kuɗin fom ɗin ba shi ne damuwa ba, tafiyar ce: daga Gashuwa zuwa Zariya, ko daga Yawuri zuwa Sakkwato, da kwana da ci. Akwai kuma ƙofofin gefe da ke halal amma na kuɗi ne, irin su IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, da JUPEB, da karatun share fage na jami'o'i, waɗanda wasunsu ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. An kafa irin waɗannan ne tun asali don cike giɓin yaran da sakandare ba ta shirya su ba, yau kuwa kuɗinsu ya sa wanda sakandare ta fi cuta shi ne ba ya iya shiga. Wanda duk waɗannan suka ƙi masa, in akwai kuɗi, ga jami'o'i masu zaman kansu da aka fara ba lasisi a 1999, ga Masar da Sudan kafin yaƙi, ga Maraɗi nan kusa.

Ba zan tsallake maganar "hanya" ba, don kowa ya san ta. A da akwai kashi 10 da aka bar wa shugabannin jami'a su raba yadda suka ga dama, aka soke shi a takarda, amma wasiƙar mai girma da ɗan kati daga ofishin wane ba su daina zuwa ba. Manhajar CAPS da JAMB ta kawo a 2017 ta rage wannan sosai, domin yanzu ɗalibi na iya gani a waya ko an ba shi gurbi, kuma jami'a sai ta kawo hujja kafin ta tsallake mai maki sama ta ɗauki na ƙasa. Duk da haka hukumar da kanta ta bayyana cewa tsakanin 2017 da 2020 makarantu sun ɗauki sama da ɗalibai dubu 700 ta bayan fage. Ba dukkansu 'ya'yan manya ba ne, wasu ma talakawa ne da aka yaudara. Amma kowane gurbi da aka bayar don sanayya, an ƙwace shi ne daga wanda ba shi da kowa sai makinsa.

A ce yaro ya tsallake duk wannan, sunansa ya fito. Murnar kwana biyu ce, sai lissafi. A 2023 jami'o'in tarayya da dama sun ninka kuɗin rajista, daga Legas har Maiduguri da Bayero, wasu fannonin suka haura naira dubu 100, na lafiya ma suka doshi dubu 200 ko fiye. Gwamnati na cewa karatu kyauta ne a jami'o'inta, kuma gaskiya ne ba a karɓar kuɗin koyarwa da wannan suna, amma uban da aka miƙa wa takardar biya bai damu da sunan da aka ba kuɗin ba. Asusun ba da rancen karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, ya kawo sauƙi na gaske: ba ruwa a kan bashin, ana biyan makaranta kai tsaye, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ɗaliban Arewa sun rungume shi hannu bibbiyu. Giɓinsa shi ne sai ka zama ɗalibi kafin ya san da kai. Kuɗin WAEC, na JAMB, na tafiya tantancewa, na karɓar gurbi, na katifa da ɗaki, duk suna gabansa, kuma a wannan tsakanin ne ake zubar da mafi yawan waɗanda aka yi asusun dominsu. Yajin aikin malamai ma, kamar na wata takwas a 2022, ya fi cin wanda aka sayar da akuya aka biya masa hayar shekara.

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan tambaya sun ba ta amsa dabam. A 2012 Barazil ta yi doka cewa rabin guraben jami'o'in tarayya na waɗanda suka yi dukkan babbar sakandarensu a makarantar gwamnati ne, rabin wannan kason kuma na 'ya'yan gidaje masu ƙaramin ƙarfi, sannan a cikinsa a duba launin fata gwargwadon yawan jama'ar kowace jiha. Ba su jefar da batun tarihi da asali ba, sun dai ɗora shi a kan halin gida. Jihar Texas ta Amurka kuwa a 1997 ta ce duk wanda ya fito cikin kashi 10 na sama a ajinsa, kowace irin sakandare ya yi, yana da gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar. Hikimar ita ce a gwada yaro da waɗanda suka sha ruwa ɗaya da shi. Wanda ya ci 230 daga makarantar da ba ta da malamin Fiziks ya nuna abin da wanda ya ci 260 bayan shekara shida a makarantar miliyoyi bai nuna ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce a Najeriya kowa zai zama talaka ranar cike fom, kuma gaskiya ne takardar shaidar talauci daga mai unguwa ko ƙaramar hukuma za ta zama haja. Amma makarantar da yaro ya yi ba ta ɓuya, lambarta na jikin sakamakon WAEC da NECO, kuma ana iya sharɗanta cewa sai wanda ya yi shekara ukun ƙarshe a can. In wani babba ya mai da ɗansa makarantar gwamnati shekara uku don ya sami kason, to makarantar ta sami mai tsaya mata. Dole dai a bambanta sakandaren ƙauye da kwalejojin tarayya, waɗanda na gwamnati ne amma 'ya'yan ma'aikata suka fi yawa a ciki. Za a kuma ce hakan zai zubar da darajar karatu, ba wanda ke son likitan da aka ɗauka don tausayi. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amsarta kuwa ita ce sassauci a ƙofar shiga yake, babu shi a jarrabawar fita, kuma shekarar share fage kyauta ga irin waɗannan yara za ta cike giɓin. Kano ta taɓa gwada wani abu mai kama da haka da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta tattaro yara masu ƙwaƙwalwa daga ko'ina, da yawansu 'ya'yan manoma, ta ba su malamai da kayan aiki. Asibitocin Arewa cike suke da waɗanda suka fito daga can.

Abin da nake ganin zai yiwu ba tare da an tayar da rigimar Kudu da Arewa ba shi ne a bar kashi 45 da 35 da 20 yadda suke, amma a cikin kason makwabta da na jihohin da ke baya a ware rabi ga waɗanda suka fito daga makarantun gwamnatin jiha, kuma a tabbatar rabon ya shafi kowane sashe, har likitanci da lauya, kada a tara su a fannonin da ba a rububi. A bar sakamakon JAMB ya yi aiki shekara biyu ko uku. A yafe kuɗin fom ga ɗaliban waɗannan makarantu, tunda hukumar ta sha mayar wa baitulmali rarar biliyoyin naira. Kafin duk wannan ma akwai mataki da ba ya cin ko sisi. JAMB na da bayanin kowane ɗalibi a CAPS: makarantarsa, jiharsa, makinsa, da kwas ɗin da aka ba shi. Ta riƙa bugawa duk shekara, jami'a bayan jami'a, nawa ne cikin waɗanda aka ɗauka likitanci da lauya da injiniyanci suka fito daga sakandaren gwamnati, nawa daga ta kuɗi. 'Yan majalisar da ke wakiltar jihohin da ke cikin jerin kashi 20 su ne ya kamata su fara neman waɗannan alƙaluma.